Tambayoyin da kuke ta maimaita min kan binciken kod ɗin C

Assalamu alaikum. Tunda lokacin furojek ya kama, ƙannena na Kadpoly da KASU har da na Zariya kuka sa ni gaba da tambayoyi iri ɗaya a WhatsApp, wani ma tsakar dare zai turo. Na gaji da aika saƙon murya. Ga su nan a rubuce, duk wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa, kada ya ga kamar wulaƙanci ne.

Yaya, wai mene ne statik analisis ɗin nan?

Duba kod ne ba tare da an kunna shi ba. Manhaja ce za ta karanta fayilolinka na .c da .h, ta bi layi layi ta nuna maka inda take zargin akwai ɓaraka. Kamar bakanike ne a Kurmin Mashi ya ɗaga bonet ya leƙa bai tada inji ba, zai ga tiyon da ya tsage da wayar da ta kwance, amma ƙarar da injin ke yi in ya ɗau zafi ba zai ji ta ba. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1978 Stephen Johnson ya rubuta lint a Bell Labs saboda wannan aikin.

Me ya sa kullum yaren rubuta manhaja na C ake wa wannan maganar?

Saboda C ba ruwansa. Duba nan:

char suna[16];
strcpy(suna, argv[1]);

Ka ware wuri na bayit 16, mutum ya turo maka haruffa 200, strcpy zai ci gaba da zubawa har ya haye kan abin da ke maƙwabtaka a memori, ba wanda zai ce masa tsaya. In mai kutse ya iya lissafinsa, abin da ya haye ɗin na iya zama adireshin da fankshin zai koma in ya gama, daga nan shi ke juya manhajar taka. A 2019 Microsoft da kansu suka ce kusan kashi 70 cikin 100 na raunukan tsaro da suke toshewa duk shekara matsalar memori ce irin wannan.

Wace manhaja zan fara saukewa?

Ko ɗaya. Wadda kake da ita ma, wato kompaila ɗinka mai haɗa kod ya zama manhaja, ba ka saurare ta ba. Sa gcc -Wall -Wextra ka karanta abin da ya fito. Yawancinku kuna ganin gargaɗi ya cika allo, tunda dai fayil ya fito ya yi aiki sai ku ce alhamdulillahi ku wuce, wasu ma har -w suke sawa don kompaila ya yi shiru gabaɗaya. Haba. In GCC ɗinka ya kai na 10, wanda ya fito a 2020, ƙara -fanalyzer, yana kama irin su free sau biyu da amfani da fointa (mai riƙe adireshin wani wuri a memori) bayan an sake ta.

Bayan nan sai Cppcheck, sai scan-build na Clang, sai Flawfinder. Duk kyauta ne. Amma ba aiki ɗaya suke yi ba. Flawfinder, wanda David Wheeler ya rubuta, sunayen fankshin masu haɗari kawai yake farauta, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 5, bai san daga ina bayanin ya fito ba. Shi kuwa na Clang bin hanyoyi yake yi, in wannan if ɗin ya zama gaskiya kuma malloc ya dawo da NULL to a layi kaza za a faɗi, har ya zana maka hanyar a burauza mataki mataki. Ni shi na fi so, ko da yake ya fi cin lokaci.

A handawut ɗinmu gets aka yi amfani da shi, laifi ne?

Laifi ne. gets ba shi da hanyar sanin girman wurin da ka ware, ba yadda za ka yi amfani da shi lafiya. Yana cikin ƙofofin da tsutsar Morris, manhajar ɓarna mai yaɗa kanta a intanet, ta bi a 1988, kuma an cire shi daga ƙa'idar C a 2011. Yi amfani da fgets. Sannan scanf("%s", suna) ma ɗan'uwansa ne, in wurin 16 ne rubuta %15s. Kada ka je ka yi wa malaminka rashin kunya a kan wannan, gyara naka ka yi shiru.

Oga, an ba ni tsohon kod a wurin aiki, na sa manhaja ta fito min da gargaɗi sama da 400. Wanne zan gyara, wanne zan bari, kuma yaya zan gane na bogi?

Yawwa, wannan ce tambaya. Amsar kuma ba guda ɗaya ba ce, ya danganta da kod ɗin da inda yake aiki, don haka abin da zan faɗa yadda ni nake yi ne, ba wahayi ba.

Da farko kwantar da hankalinka, 400 ba wani abu ba ne a tsohon kod, kuma ba ya nufin ɓaraka 400. Wani lokacin ma rabin hayaniyar daga saiti ne, manhajar ba ta ga fayilolin .h ɗinka ba ko ba ta san makro ɗin da ake sawa wajen haɗawa ba, sai ta yi ta zargin abin da ba shi. Nuna mata inda suke da -I, ko in da CMake kuke aiki ka fitar da compile_commands.json ka ba ta, ka sake gudanarwa. Sau da yawa adadin zai sauka. Ba kullum ba, wani sa'in ma hawa yake yi saboda yanzu ta ga wuraren da a da ba ta gani.

Daga nan kada ka fara daga layin farko ka bi su a jere, za ka gaji kafin ka kai ga mai muhimmanci. Tambayi kanka ta ina bayani ke shigowa daga waje. Soket, fayil da wani ya turo, argv, getenv, abin da ake karantawa daga kati ko wayar siriyal in na'ura ce irin ta POS ko mita. Gargaɗin da ke kusa da waɗannan ƙofofin su ne na gaba. strcpy da ke kwafe kalmar da kai ka rubuta da hannunka cikin wuri mai isasshen girma, Flawfinder zai ambace shi amma ba ya hana ni barci. strcpy da ke kwafe abin da ya fito daga recv kuwa, yau za a gyara shi ba gobe ba. Haka printf(sako), in sako daga waje ya zo, mutum zai cusa %x ya leƙa memori ko %n ya yi rubutu a ciki, maganin kuma ɗan ƙarami ne, printf("%s", sako). Sai lissafin girma, malloc(n * sizeof(int)) inda n ɗin baƙo ne ya faɗe shi, ninkin na iya zarce iyaka ya dawo ƙaramar lamba, ka ware ɗan wuri kana zaton babba ne. calloc yana duba wannan, ko ka sa wa n iyaka da kanka.

Na bogi kuma, hanya ɗaya na sani, ka bi hanyar da manhajar ta zana ka gani ko za ta yiwu. In ta ce fointa na iya zama NULL a layi kaza, koma baya, wa ke kiran fankshin ɗin, akwai mai kiran da zai iya turo NULL? In ka bi duka ka tabbatar babu, to na bogi ne, amma fa na yau. Gobe wani ya ƙara sabon kira, ya zama na gaske. Shi ya sa in gyaran layi ɗaya ne kuma ba ya canza halin manhajar, ni kawai sawa nake yi in huta. In kuwa wuri ne mai sarƙaƙiya da ban gane dalilin rubuta shi haka ba, ba na taɓawa sai na tambayi wanda ya sani, in babu shi sai na rubuta gwaji tukuna.

A nan ne nake so ku buɗe kunne, don gyaran makanta ya fi gargaɗin haɗari. Abin da kuka fi yi shi ne ku bi duk strcpy ku mayar strncpy, manhaja ta rage ihu, ku ɗauka an gama. To strncpy in abin da aka turo ya kai girman wurin ba ya sa sifilin ƙarshe, sai strlen ko printf na gaba ya zarce yana karanta abin da ba nasa ba. Ka toshe rami ka haƙa wani. snprintf ya fi, ko strlcpy in kana da shi, glibc, laburaren C na Linux, bai kawo shi ba sai a siga ta 2.38 cikin 2023, kuma ko su ɗin sai ka duba abin da suka dawo da shi don ka san ko an yanke bayanin. In kana ganin ƙananan yara kaɗai ke wannan kuskuren, a 2006 an cire layi a OpenSSL, laburaren ɓoye sirrin bayanai, na Debian Linux don a kashe gargaɗin da manhajar bincike Valgrind ke bayarwa. Valgrind ba na binciken a kwance ba ne, sai an kunna manhaja yake aiki, amma darasin ɗaya ne. Ashe cire layin ya kashe kusan duk hanyar samun lambobin bazata, makullan sirri suka koma ana iya lissafo su, ba a gano ba sai Mayun 2008, aka yi ta canza makullan SSH a duniya.

Wanda ka tabbatar na bogi ne, rufe shi a wurin da cppcheck-suppress ko flawfinder: ignore, ka rubuta dalili a gefe, jimla ɗaya ta isa. Kada ka kashe nau'in gargaɗin gabaɗaya a saiti. Sauran da ba ka kai gare su ba ka ajiye su a jeri, ku yi yarjejeniya da abokan aiki cewa sabon kod ba zai ƙara ko ɗaya ba, tsofaffin kuma a riƙa rage su a hankali. In oganku ya ce sai an mayar da su sifili kafin Juma'a, to ka san rufewa kawai za a yi ba gyara ba, ka faɗa masa hakan cikin ladabi.

In manhaja ba ta nuna komai ba, kod ɗina lafiya ke nan?

A'a. Kuma ba don manhajar ba ta da kyau ba, lissafi ne ya hana. Tun 1953 Henry Rice ya nuna ba za a iya rubuta manhajar da za ta yanke hukunci daidai a kan halin kowace manhaja ba, dole ko ta yi zargin banza ko wani abu ya wuce ta. Raunin da ake kira Heartbleed ya zauna a OpenSSL daga 2012 har Afrilun 2014, memcpy ne da ya yarda da tsawon da baƙo ya faɗa, yana kwaso har kusan 64KB na memorin saba a kira ɗaya, kuma manhajojin bincike da dama na lokacin sun bi ta kansa sun wuce. Ban da haka, in ka manta ba ka duba ko mutum na da izinin ganin asusun wani ba, wannan ba manhajar da za ta sani, ba ta san dokar kasuwancinku ba.

Haɗa da gwaji. Ka haɗa kod da -fsanitize=address ka gudanar, in da hali ka sa manhajar gwaji ta AFL ta yi ta jefa masa bayanan shara ta ga ko zai faɗi.

Laftof ɗina tsoho ne, kuma Windows nake da shi.

Zai yi. Cppcheck na da na Windows, Flawfinder kuma pip install flawfinder ne in kana da Python. In ka sauke sau ɗaya ba ka ƙara buƙatar data. Furojek ɗinka na layi dubu biyu zai gama kafin ka gama shan shayi, batirin ba zai ma sani ba.

Zan iya liƙa kod ɗin a manhajar hira ta AI ta duba min?

In naka ne, bismillah, amma ka tabbatar da duk abin da ta faɗa, tana ƙirƙiro matsalar da babu kuma ta faɗe ta da ƙarfin hali. In na wurin aiki ne, kada ka kuskura sai da izini.

In na gano rauni a kod ɗin wasu fa?

Karanta buɗaɗɗen kod da bincikarsa a kwamfutarka ba laifi. Ka rubuta wa masu shi a asirce, ka ba su lokaci su gyara, ba ka ruga Facebook kana cewa ka fasa su ba. Gwada shi a sabar da ba taka ba kuwa wani zance ne daban, akwai dokar laifukan intanet ta 2015, kuma ni ba lauya ba ne, kada ka kira ni daga ofishin 'yan sanda.

Me zan rubuta a babi na huɗu?

Ba hoton allo ashirin ba, don Allah. Ɗauki kowane rauni na gaske ka sa masa lambar CWE ɗinsa, wato lambarsa a jerin nau'o'in raunin manhaja, 787 na rubutu a wajen iyaka, 416 na amfani da memori bayan an sake shi, 134 na printf, 190 na zarcewar lamba, 476 na NULL. Ka nuna layin kafin gyara da bayan gyara, ka faɗi manhajar da ta kama shi da wadda ta wuce shi, da sigar kowacce, da adadin na bogi da ka tantance da hannunka. Mai duba furojek zai tambaye ka dalilin da ya sa ka ce wancan na bogi ne, sai ka shirya amsa.