Masu lambu, a daina tare ruwa da daddare

Jama'a masu lambu, sannunku da aiki. Na san noman rani a cikin gari ba wasa ba ne: fili ɗan tsurut, ruwan ma ana rububinsa da magina da masu wankin mota. Amma yau faɗa ne ya kawo ni.

Duk lambun da na zaga a ranin nan kukan ɗaya ne. An zauna an raba ranakun ban ruwa, kowa ya ce ya yarda. Dare na yi, sai na sama ya lallaɓo ya jibga buhun ƙasa a hanyar ruwa, ya karkatar da shi cikin nasa. Gari na wayewa kuwa asiri ya tonu. Fangalinsa ya yi jagab har takalmi na nutsewa, na maƙwabcinsa na ƙasa ya tsattsage, latas ya langaɓe.

Malam, kai ka fara cutuwa. Saiwa ma tana shaƙar iska. In ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, ka ce taki ne bai isa ba, ka ƙara, ruwan da ka tare ya sake wanke shi. Haba!

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ƙasan. Ba zai zuba ido shukarsa ta mutu ba, sai ya jefa tiyo a lambatu ya ja baƙin ruwan nan mai wari, ya watsa wa latas da kabeji, abin da ɗanye ake ci. Ta nan kwalara da taifot suke samun hanya, ƙwan tsutsar ciki kuwa yakan yi watanni a ƙasa bai mutu ba. Kayan nan kasuwa ɗaya za su je da naka, kuma mai saye ba ya tambayar fangalin wa aka ciro. Kai ka tura shi lambatun da buhunka.

Tun 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin noma da gurɓataccen ruwa, to ga kaɗan daga ciki, haɗe da namu na lambu, a gurguje:

A rubuta ranar kowa, a naɗa mutum biyu masu sa ido, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa.
A ba da ruwa da sassafe ko da yamma, a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa.
Yasar hanyar ruwa aikin gayya ne, kowa ya fito.
Wanda dole ta sa ya ɗebi ruwan da bai yarda da shi ba, ya bari ya kwanta tukuna, ya zuba a gindi ba a kan ganye ba, ya kuma dakata ko da kwana biyu ne kafin cira.

Ku mutanena ne, shi ya sa ban kira sunan kowa ba. Amma buhunan nan da nake gani a ɓoye a gindin shinge, don Allah a kwashe su kafin in dawo zagaye.