Ginin Cocin Angilika da na Firesbiteriya a Amurka Zamanin Mulkin Ingila

A ƙarni na 18, tsarin ginin coci a yankunan Amurka da Ingila ke mulka yakan nuna ɗariƙar masu shi tun daga bakin ƙofa. Abu biyu ne suka raba na ɗariƙar Angilika da na Firesbiteriya: inda ake son idon jama'a ya tsaya, da aljihun da kuɗin gini ya fito.

A yankin Bajiniya (Virginia), Angilika ce ɗariƙar hukuma, ana karɓar harajinta da ganyen taba, don haka ta samu halin gini da jan bulo. Cocinta yakan miƙe daga yamma zuwa gabas. Teburin Jibin Ubangiji (ibadar cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da Almasihu) yana bangon gabas, an kewaye shi da shingen katako, an rataye allon Dokoki Goma a samansa kamar yadda dokar cocin ta 1604 ta tanada. Wasu an yi su da siffar gicciye, irin Bruton Parish na Williamsburg (1715) da Christ Church na gundumar Lancaster (1735), wanda attajiri Robert Carter ya ɗauki nauyinsa. Mumbarin wannan na biyun hawa uku ne: ƙasa na magatakarda, tsakiya na karatu, sama na wa'azi. Magina kan jera bulo ɗaya a kwance, na gaba da kansa a waje, su ɗaure da kwaɓin farar ƙasa. Nan masu gyara da suka zo daga baya suka sha yin ɓarna da siminti: siminti ya fi tsohon bulo tauri, yana kulle danshi a ciki har fuskar bulon ta ɓarɓashe.

'Yan Firesbiteriya kuwa, akasarinsu 'yan asalin Sikotilan da suka zo daga arewacin Ailan, karo-karo suke yi, kuma a Bajiniya sai da lasisi suke buɗe wurin ibada. Ɗakin taro suke kiransa. Dutse ko katakon da ke kusa ya wadatar, kamar Augusta Stone na Bajiniya (1749) da Old Tennent na New Jersey (1751). Mumbari yakan zauna a tsakiyar dogon bango, da rumfar katako a kansa mai tura murya, kujeru da bene sun kewaye shi ta gefe uku. Bagadi babu, kayan kiɗa babu. Mutum guda ke ja wa jama'a baitin Zabura. Ranar Jibi, sau ɗaya ko biyu a shekara, ake shimfiɗa dogayen tebura, kuma sai mai riƙe da ɗan kwabon dalma da dattawan coci suka ba shi zai zauna.