Wai mene ne kwankod ɗin nan da malaman Turanci ke tsorata yara da shi?

A wata bita da aka shirya wa malaman Turanci na firamare da ƙaramar sakandare lokacin dogon hutu, na rubuta jimla ɗaya a allo na bar gurbi, na ce kowa ya zaɓa tsakanin is da are. Jimlar ita ce: The bag of books, sai gurbi, sai missing. Wallahi hannuwa da yawa are suka ɗaga wa. Wata malama da ke zaune a gaba, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta ce "haba Malam, ai books jam'i ne, ga s nan ƙarara." Na ce Hajiya to mu bar Turanci tukuna, in yaronki ya dawo daga makaranta hannu rabbana, me za ki ce, jakar littattafai ta ɓata ko sun ɓata? Ta ce ta ɓata mana, ai jakar ce ta ɓata. Sai kuma ta yi shiru, ta kalli allon, ta fashe da dariya.

To wannan abin da Hajiya ta yi da bakinta ba tare da ta tsaya tunani ba, shi ne kwankod. Da Turanci concord ake rubuta shi, Amurkawa kuma sun fi cewa agreement, amma mu nan da muka gaji tsarin karatun Ingila kwankod ɗin ne ya zauna a bakinmu, shi ne a silabas, shi ne a littattafan shirin JAMB da WAEC da NECO. Ma'anarsa kawai jituwa tsakanin kalmomin jimla, wato wata kalma ta canza kama don ta dace da wata, musamman aikatau ya dace da wanda ake magana a kansa ta fuskar tilo ne ko jam'i, kuma ni ne ko kai ne ko wani can. Asalin kalmar daga Latin ne, concordia, an haɗa con mai nufin tare da cor mai nufin zuciya. Zukata sun haɗu ke nan. Shi ya sa a Turancin yau da kullum ma kalmar na nufin zaman lafiya da fahimtar juna, kafin 'yan girama, wato masana nahawun Turanci, su are ta.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake koyar da shi. Za ka ga an jera dokoki ashirin da wani abu, doka ta ɗaya, doka ta biyu, malami ya kwafa daga hanawut ɗin da aka ba shi tun yana NCE, ya zuba wa yara a allo, su kwafa su haddace, ranar jarrabawa su amayar, washegari kuma ka ji yaro ya ce he go to market kamar ba a taɓa yi ba. Alhali yaron nan tun yana shekara huɗu yake yin kwankod ɗin da ya fi na Turanci wuya sau goma. Duba wannan: sabuwar motar nan ce ta lalace. Sau huɗu aka nuna cewa mota mace ce, a sabuwar, a motar, a ce, a ta. Canza mota ka sa keke ka ga yadda komai zai juye, sabon keken nan ne ya lalace. Sa motoci, sababbin motocin nan ne suka lalace. Babu Bahaushen da aka zaunar aka koya wa wannan da bulala, kuma har da su gida da ruwa da suna da suka ƙare da a amma maza ne, duk yana sane da su.

Turanci fa bai da komai idan aka kwatanta. Ya taɓa samu, a da can aikataunsa na da ƙarshe daban daban kusan ga kowane mai magana, amma a hankali duk suka zube. Wanda ya karanta Shakespeare a aji zai tuna thou goest da he goeth. Fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ma eth ɗin ta riƙe, a lokacin kuwa s ɗin da ta faro daga arewacin Ingila ta riga ta fara cin kasuwa a Landan, har ta kore eth gaba ɗaya. Abin da ya rage yau ɗan kaɗan ne: s ɗin nan ta he goes, she eats, it rains, sai has da does, sai kuma be da ya ƙi ya bi sahu, am, is, are, was, were. A shuɗaɗɗen lokaci, in ka cire was da were, babu kwankod ko ɗaya, I went, he went, they went, kowa went. Su can da will da must kuwa ba ruwansu da kowa. Shi ke nan fa duk abin da ake ta wannan hayaniya a kai.

To me ya sa yake ba da wahala? Na farko dai s ɗin ce munafuka. A jikin suna tana nufin jam'i, boys, a jikin aikatau kuma tana nufin tilo, plays. Yaro ya gama koyon cewa s na nufin da yawa, sai a ce masa the boys play amma the boy plays, dole kansa ya ɗaure. Ni nakan ce wa malamai su ce da yara s ɗaya ce tal a gidan, in suna ya ɗauka aikatau ya haƙura, in suna bai ɗauka ba aikatau ya samu. Ba ta aiki a ko'ina, ga children da men da I da you nan, amma tana ɗora yaro a hanya. Kuma a tambaya da korewa does ne ke ɗauke s ɗin, shi ya sa does he goes ba daidai ba ne, an biya kuɗin abu sau biyu.

Sannan wani abu da ya kamata duk mai koyar da malamai ya faɗa musu don hankalinsu ya kwanta: masu bincike kan yadda ake koyon Turanci tun a shekarun 1970 sun lura cewa wannan s ta aikatau tana cikin abubuwan da ke zama a baki a makare, bayan su ing da s ta jam'i sun daɗe da zama. Ko 'ya'yan Turawa ba da ita suke farawa ba. Dalili a fili yake, ba ta ɗauke da wani labari, he go da he goes duk an gane wa ya tafi. Saboda haka yaron da ya san dokar a takarda amma yake yar da ita a magana ba daƙiƙi ba ne, lokaci ne da yawan ji da yawan faɗa.

Akwai kuma inda Hausarmu ke shigo da ƙafarta. Musa ya zo, Binta ta zo, a Hausa dole wannan ya ko ta ɗin ya fito ko da an ambaci suna, shi ne zagin aikatau a nahawunmu, wato ɗan rakiyar da ke shiga gaban aikatau. Sai yaro ya ɗauko shi cak ya kai Turanci, my father he is a farmer. In malami bai san daga ina abin ya fito ba sai ya yi ta jan layi da jan biro har taam ta ƙare. In ya sani, minti biyar ya isa, ya rubuta jimlolin biyu sama da ƙasa ya nuna cewa Turanci ba ya son zagi in mai gida na nan. Haka batun kuɗi, mu muna cewa kuɗina sun ƙare, don asalinsa jam'in wuri ne tun zamanin da ake ciniki da shi, amma Bature money is yake cewa. Da su information, furniture, advice, luggage, equipment, duk ba sa karɓar s, duk da ka ji manya a rediyo suna informations da furnitures ba ko kunya. News da mathematics ga s a jiki amma is suke ɗauka. Police babu s amma are. Waɗannan kam babu dabara, sai sabo.

Inda na fi so mu tsaya shi ne nan. Masana girama, kamar a babban littafin da Randolph Quirk da abokan aikinsa uku suka fitar a 1985, sun nuna abubuwa uku ne ke jan aikatau. Akwai siffar kalmar, tilo ko jam'i, shi ne wanda kowa ya sani. Akwai ma'anar da ke zuciyar mai magana. Akwai kuma kusanci, wato kalmar da ta fi kusa da aikatau ta ja shi. Kusancin nan shi ya kayar da Hajiya, books ne ke maƙale da gurbin sai ta bi shi ta manta da bag. Amma kuma kusancin shi ne doka a either or da neither nor: neither the teacher nor the students are here, ka juya su, neither the students nor the teacher is here. As well as da together with kuwa ba and ba ne, 'yan rakiya ne kawai, the principal as well as the teachers is coming. JAMB na son wannan tarkon kamar me.

Na ma'ana kuma, je gidan kallon ƙwallo ka kasa kunne. Mai sharhi ɗan Ingila zai ce Arsenal are playing well, ɗan Amurka zai fi cewa the team is. Duk daidai ne. Ɗaya yana kallon 'yan wasa goma sha ɗaya, ɗaya yana kallon kulob guda. Mu ma haka muke yi ba mu lura ba, Arsenal ta ci kofi, ko sun ci, jama'a ta taru, jama'a sun taru. Haka ten thousand naira is too much, don dunƙulen kuɗi ake nufi ba takardu ɗai ɗai ba. Kai har you are ɗin da muke faɗa wa mutum ɗaya, asalinsa you na jam'i ne da girmamawa, thou ne na mutum ɗaya, sai you ya cinye shi ya taho da are ɗinsa. Tamkar yadda yaro mai tarbiyya zai ce Malam suna ciki, ko Baba sun fita, alhali mutum ɗaya ne.

Matsalar ita ce malami da yawa bai san akwai wuraren da Turawan kansu suka rabu ba, sai ya kafe a kan ɗaya ya soke ɗayan da jan biro. Everybody should bring their book ma haka, Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna faɗar haka, amma tsofaffin littattafai his suka yarda da shi. Gaskiya ni ra'ayina, a koya wa yaro wanda jarrabawa ta fi so don ya tsallake, amma kar a ce masa ɗayan kuskure ne, don gobe zai ji shi a BBC ya daina yarda da malaminsa.

Kafin mu tashi ranar na ba su aiki, jimla goma dogaye, na ce kar wanda ya taɓa aikatau sai ya fara jan layi ƙarƙashin kalma ɗaya da ake magana a kanta, in ta rikice a fassara jimlar da Hausa a ji ya ne ko ta ko sun. One of my friends ta fi ba su wuya, sai da wani ya ce ɗaya daga cikin abokaina ya zo, ai ɗaya ne ya zo. Hajiya ta ci tara. Ta goman da ta faɗi a number of students ce, ta sa is, kuma har muka fito bakin get tana musu da ni cewa ai a na nufin ɗaya.