Tuba da furta zunubi a addu'ar Littafi Mai Tsarki

Tuba a Littafi Mai Tsarki juyawa ce: mutum ya bar hanyar da yake kai ya komo wurin Allah. Furta zunubi kuwa shi ne mai addu'a ya kira laifinsa da sunansa, ba kwana-kwana, sa'an nan ya roƙi gafara yana dogara ga jinƙan Allah, ba ga nagartar kansa ba.

Cewa "na yi zunubi" kaɗai bai isa ba. Fir'auna ma ya faɗi haka sa'ad da ƙanƙara ta ragargaza Masar, tana tsayawa ya sake taurare zuciya.

Sarakuna biyu sun fi fito da bambancin. A 1 Sama'ila 15, da annabi Sama'ila ya tsare Sarki Saul kan ganimar yaƙi da Amalekawa, wadda Allah ya ce a hallaka, sai Saul ya ɗora wa jama'a laifin, wai su suka keɓe tumaki da shanu don hadaya. Da ya ga ba mafita ya amsa, amma nan take ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Mutuncinsa ne ya dame shi. Dawuda kuwa, laifinsa ya fi muni a idon mutum: ya ɗauki Bat-sheba, ya sa aka kashe mijinta Uriya a bakin daga. Annabi Natan ya ba shi labarin attajirin da ya yanka 'yar tunkiyar matalauci, ya ce masa shi ne mutumin. Dawuda bai kawo hujja ko ɗaya ba. A Zabura 51 abin da ya roƙa shi ne a wanke shi, a halitta masa tsabtacciyar zuciya, kada a ɗauke masa Ruhu Mai Tsarki. An gafarta masa, amma ɗan da Bat-sheba ta haifa masa ya mutu. Masu wa'azi kan tsallake wannan wurin, alhali gafara ba ta cika share sakamakon abin da aka shuka ba.

Manzo Bulus ya raba baƙin ciki iri biyu a 2 Korintiyawa 7:10: na ibada mai kai ga tuba, da na duniya mai kai ga mutuwa. Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, ya mayar da azurfa 30 da aka biya shi, ya je ya rataye kansa. Bitrus, wanda ya yi musun sanin Yesu, ya yi kuka mai zafi, ya komo.

Tuba tana taɓa aljihu ma. Zakka, mai karɓar haraji, ya yi alkawarin rabin dukiyarsa ga matalauta da ninki 4 ga duk wanda ya cuta. Kuma ba kullum "ni" ake cewa ba. Daniyel a sura ta 9 ta littafinsa "mun yi zunubi" ya ce, a madadin al'ummarsa da ke bauta a Babila.

Yadda ake furtawa ya bambanta. Katolika sukan furta wa firist, yawancin Furotesta kuma kai tsaye ga Allah, suna riƙe da 1 Yahaya 1:9, mai cewa in mun furta zunubanmu Allah zai gafarta mana. Duka dai suna yin Addu'ar Ubangiji, wato addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, wadda ta ɗaure gafarar da mutum yake nema da wadda yake yi wa waɗanda suka yi masa laifi.