Guguwa ta doso mu: wa zai tashi, wa zai zauna?

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Houston da Galveston da sauran garuruwan gaɓar teku a kudancin ƙasar Amurka, da iyayenmu na gida da hankalinsu ke tashi duk sanda rediyo ya ce mahaukaciyar guguwa ta tunkaro. Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikina bin marasa lafiya gida-gida. Kowace shekara, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, tambaya ɗaya ake yi mini fiye da ta magani: "Sista, mu tafi ko mu zauna?"

Wani abin mamaki, yawancin manyan guguwar nan 'yan garinmu ne. Hadarin da ke tasowa daga gabas a tsakiyar damina, ya ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya, shi ne ke fita ta gaɓar Senigal ya faɗa Tekun Atilantika. Idan ya tarar da ruwan teku da ɗumi sai ya soma juyawa yana tara ƙarfi, bayan mako ɗaya ko biyu ya iso mana da sabon suna. Shi ya sa abin ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba.

Cibiyar lura da guguwa ta ƙasa da ke Miami tana fitar da sanarwa duk bayan awa shida. A agogon Texas, ƙarfe 4 da ƙarfe 10, safe da dare. Ita za a bi, tare da jami'an gundumar da mutum yake. Sauran taswirori masu layuka kamar taliya da ake turowa a WhatsApp, a bar wa masana.

Taswirar cibiyar tana ɗauke da zane mai kama da mazurari, siriri a inda guguwar take, yana buɗewa zuwa kwana biyar gaba. A nan mutanenmu suka fi ruɗewa. Na taɓa zama a kicin ɗin wani gida ina auna sukarin wata Hajiya da ta zo daga gida wankan jegon 'yarta. Surukinta ya miƙo mini waya yana murmushi, ya ɗora yatsa a kan layin tsakiya.

"Kin gani, Sista? Ta kauce mana. Muna bakin-bakin zanen ne kawai."

Na ce, "Alhaji, mazurarin nan ba girman guguwar yake nunawa ba. Inda ake zaton cibiyarta za ta bi ne kurum, kuma a cikin uku, sau ɗaya takan fita daga cikinsa. Iska da ruwa kuwa sukan kai mil ɗari ko fiye daga cibiyar."

Hajiya, wadda ba ta jin Turanci, ta ɗago kai ta ce, "Yo ai hadari ba ya tambayar iyakar gona." Ta riga mu fahimta.

A Satumbar 2022 idon kowa na kan birnin Tampa na jihar Florida, sai guguwar Ian ta sauka can kudu, wajen Fort Myers. Mutum kusan 150 suka rasu a Florida, da yawansu tsofaffi ne da ruwa ya ci a gidajensu. Wurin da ta sauka yana cikin mazurarin tun farko. Layin tsakiya mutane suka tsaya kallo.

Kuskure na biyu shi ne lambar mataki. Ana auna guguwa daga mataki na 1, mai iskar mil 74 a awa, wato kilomita 119, zuwa mataki na 5, mai mil 157 ko fiye. To amma wannan ma'auni iska kawai yake aunawa, alhali a Amurka kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ke kashewa kai tsaye ruwa ne ajalinsu. Guguwar Ike ta 2008 mataki na 2 ce, amma ta turo teku ya hau tudu har ƙafa 15 da ɗoriya, ya share gidajen Bolivar, kusa da Galveston, ƙarƙaf, sai ginshiƙai. Harvey ta 2017 ƙarfin iskarta ya riga ya karye lokacin da ta tsaya cak a kanmu tana zuba. A garin Nederland na nan Texas an auna ruwa inci 60, sama da mita ɗaya da rabi, cikin 'yan kwanaki. Ya zarce abin da Kano ta saba samu a damina guda cif. Don haka in aka ce "ai mataki na 1 ce", ba a faɗi komai game da gidanka ba tukuna.

Abin da ke yanke hukunci shi ne adireshinka da kuma wanda ke kwance a ɗakinka.

Yankin Houston da Galveston an raba shi shiyya-shiyya bisa lambar gidan waya: shiyyar gaɓa, sai A, da B, da C. Yau ɗin nan, tun sama na garau, a duba a san shiyyar gida da ta wurin aiki. Idan aka kira shiyyarku, babu shawara kuma, a tashi. Tumbatsar teku ba a tare ta da buhun yashi, kuma da zarar iska ta yi ƙarfi motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana ba sa fitowa, ko ka kira 911, lambar agajin gaggawa, sau nawa. Mai zama a gidan tirela, wato gidan da ake iya ja da mota, ma ya tashi, ko wace shiyya yake.

Wanda kuwa ke can cikin gari, a gini mai ƙwari, a unguwar da ruwa bai saba shiga ba, sau da yawa zama ya fi masa. Mun koyi wannan da tsada. A Satumbar 2005, makonni uku da 'yan kwanaki bayan guguwar Katrina ta nutsar da kusan kashi 80 cikin ɗari na New Orleans, aka ce guguwar Rita na zuwa. Tsoro ya kori mutum sama da miliyan biyu kan hanya lokaci guda. Babbar hanyar Dallas ta cushe, tafiyar awa huɗu ta koma ta yini da kwana, mai ya ƙare, zafi ya yi ta kayar da mutane a cikin motoci. Wata bas ɗauke da tsofaffi daga gidan kula da su ta kama wuta kusa da Dallas, 23 suka rasu. Kimanin mutum ɗari ne suka mutu a wannan gudu, ita kuwa Rita ta karkata ta sauka kan iyakar Texas da Louisiana. An guje wa gara an faɗa gidan zago. Duk motar da ta hau hanya ba dole, ta tare wa mutumin gaɓa ne hanyar tsira. Kuma ko tashi ya kama, ba sai an kai Dallas ba; gidan ɗan uwa mai nisan mil talatin ko arba'in a kan tudu ya wadatar.

Marasa lafiya lissafinsu daban ne, kuma nan ne bakina ya fi nauyi. Mai wankin ƙoda, mai shaƙar iskar oksijin ta na'ura, mai ciki wata tara, jariri sabon haihuwa, tsohon da ba ya iya sauka bene: waɗannan ɗaukewar wuta kaɗai na iya kai su lahira ko ruwa bai taɓa ƙofarsu ba. Beryl ta Yulin 2024 mataki na 1 ce, amma ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan biyu cikin duhu, wasu fiye da mako, a tsakiyar zafin Yuli, kuma zafin ya kashe mutane. Irin waɗannan gidaje su tashi da wuri, zuwa inda wuta ba za ta ɗauke ba. Mai wankin ƙoda ya tambayi cibiyarsa ko za a yi masa kafin lokacinsa, ya karɓi takardar bayanin jinyarsa. Wanda ba shi da mota ko mai ɗaukarsa, a Texas ya kira 211, layin taimakon jama'a, ya yi rajistar neman taimako tun yanzu. Masu fargabar takardun zama kuma, matsugunan Red Cross ba sa tambayar wannan.

Sanarwa iri biyu ce ake fitarwa. Ta farko, ta "a zauna cikin shiri", tana zuwa awa 48 kafin iska ta fara. Ta biyu, ta gargaɗi, awa 36. Kada a ɗauka lokaci ne mai yawa. Guguwar Otis ta 2023 cikin kwana ɗaya ta tashi daga ƙaramar guguwa zuwa mataki na 5 kafin ta afka wa Acapulco a Meksiko. Ba a fafe gora ranar tafiya: tankin mota a cike, tsabar kuɗi a hannu, maganin mako biyu, fasfo da takardu a leda mai zif, ruwan sha galan ɗaya ga kowane mutum a kowace rana. Masu cewa tawakkali suka yi, na yarda, amma an ce a ɗaure raƙumin tukuna.

Idan kun zauna kuma ruwa ya shigo, kada a hau cikin silin, tarko ne. A hau kan rufi a kira agaji. Kada a tuƙa mota cikin ruwan da ya rufe titi, ƙafa ɗaya ta ruwa mai gudu na ɗauke ƙaramar mota.

Sai janareto. Mun saba da shi tun daga gida, sabon nan ne ke sa mu sakaci. Gidajen nan a rufe suke ruf, hayaƙinsa kuma yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe iyali suna barci. A ajiye shi waje, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba ko da an buɗe shi. Haka gawayi da murhun gas na gashi. In aka ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya sun kama mutum biyu ko uku a gida lokaci guda, ba zazzaɓi ba ne. A fita waje da kowa, sannan a kira 911.

Kafin layin waya ya yanke, a tura wa mutum ɗaya a gida saƙo, a gaya masa inda za a kwana, shi ya sanar da sauran dangi. Batirin da ya rage a bar shi don sanarwar ƙarfe 4 da ta ƙarfe 10.