Hoton Jijiyoyin Hannu Kafin Fara Wankin Ƙoda: Tambayoyi da Amsoshi

Ciwon a ƙoda yake, me ya kawo hoton hannu?

Na'urar wankin ƙoda tana zuƙo jini mai yawa, kimanin mililita 300 zuwa 400 a kowane minti, kuma ƙananan jijiyoyin da ake ƙarin ruwa ta cikinsu ba za su iya ɗaukar wannan nauyi ba. Saboda haka likitan tiyata yakan haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, domin ƙarfin ta farkon ya buɗa ta biyun har ta yi kauri. Wannan haɗi shi ake kira fistula, kuma ba shi da wata alaƙa da ciwon yoyon fitsari, duk da cewa sunan ɗaya ne a bakin likitoci. Likitoci biyu, Brescia da Cimino, da abokan aikinsu ne suka bayyana dabarar a birnin New York na Amurka a shekarar 1966. Hoton sikanin shi ke nuna wa likita inda ya dace ya yi haɗin tun kafin ya ɗauki wuƙa.

Me ake dubawa?

Ana shafa mai mai santsi a fata, a ɗaure damtse da roba domin jijiyoyi su cika, sannan a bi hannun da kan na'urar sikanin daga wuyan hannu zuwa kafaɗa. Babu allura, babu zafi, domin sauti ne ake aikawa ya dawo da siffar abin da ke ciki. Ana auna faɗi: galibi ana son jijiyar kawo jini ta kai milimita 2, ta mayarwa kuma 2.5. Ana kuma duba gudun jini da ko bangon jijiyar ya ƙandare, abin da ya zama ruwan dare ga masu ciwon suga. Sanyi yana tsuke jijiya, shi ya sa ƙwararren ma'aikaci ba ya yarda ya auna hannun da sanyin ɗaki ya kama.

Wane hannu ake zaɓa?

Wanda mutum bai fi aiki da shi ba, kuma ana farawa daga wuyan hannu domin a bar gwiwar hannu ajiya. A ganina nan ne aka fi yin sakaci, domin sau da yawa majiyyaci yakan iso wurin hoton bayan allurai da ƙarin ruwa sun riga sun lalata jijiyoyin da za a yi aiki da su. Duk wanda aka gaya wa ƙodarsa tana raunana, ya kamata tun daga ranar ya roƙi a riƙa ɗibar jininsa ta bayan tafin hannu.

Bayan tiyata, ana sake hoton?

Ana sakewa, yawanci bayan mako 6, domin a ga ko haɗin ya yi ƙwari: gudun jini ya kai mililita 600 a minti, faɗi milimita 6, zurfi kuma bai wuce milimita 6 daga fata ba. Idan an ga inda ya tsuke, ana iya buɗa shi da ɗan balan-balan ta cikin jijiya.

Me majiyyaci zai kula da shi a gida?

Ya riƙa ɗora yatsunsa a wurin haɗin kowace safiya, zai ji wani ɗan tsuma kamar gurnanin kyanwa. Kada ya kwanta a kan hannun, kada kuma a auna masa hawan jini a nan. Idan tsuman ya ɗauke, ko yatsunsa suka yi sanyi da ciwo, ya garzaya asibiti a ranar, kada ya jira ranar wanki.