Iyayenmu mata na zango, a zo mu yi maganar murhu

Assalamu alaikum jama'ar Aboabo da Asawase da Sabon Zango. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma wallahi abin da ya fi damuna a unguwanninmu shi ne hayaƙin girki. Uwa ta goya yaro tun asuba tana dama koko, hayaƙi na shiga idonta yana shiga ƙirjin yaron, sai tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ce sanyi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, ciwon huhu na yara na ciki.

To murhun gawayin nan mai suna Gyapa da kuke gani a kasuwa, mai ƙarfe a waje da yumɓu a ciki, ba mutum ɗaya ya zauna ya ƙirƙiro shi ba. Asalin fasalin daga Kenya ya zo, aka fara yin sa a Gana a 2002. Masu bincike suka auna zafi da yawan gawayin da yake ci, injiniyoyi suka duba ramukan da iska ke bi, masu ginin tukwane suka gasa yumɓun, maƙera suka buga ƙarfen, sannan aka sa masa hannu da ƙofa. Yumɓun nan shi ke riƙe zafi ya tura shi gindin tukunya, shi ya sa gawayi ke daɗewa fiye da a tsohon kurfoti, murhun nan na ƙarfe zalla, wanda zafinsa rabi duk a iska yake tafiya. Kuma irin wannan haɗin kai ba baƙo ba ne a Kumasi, tun 1980 jami'ar KNUST ta buɗe cibiya a Suame Magazine, unguwar maƙera da makanikai, inda malaman jami'a ke aiki kafaɗa da kafaɗa da maƙera.

Amma fa duk iliminsu, ba su san girki kamar ku ba. Hajiya mai tuwo ita ta san cewa in murhu bai zauna daram ba tukunya gudu take in ana tuƙi, mai waakye ita ta san girman tukunyarta. Murhun bandar kifi na unguwar Chorkor a Accra da aka fito da shi a 1969, ai da matan wurin aka yi aikin shi ya sa ya karɓu. Don haka in masu gwajin murhu sun shigo unguwa, dan Allah kar a ce "ba komai, yana da kyau" saboda kunya, a faɗa musu gaskiya, ya yi gajere ne, yumɓun ya tsage da wuri ne, a faɗa.

In za ki saya ki duba yumɓun da kyau kar ya zama da tsaga, kuma kar ki watsa masa ruwa yana da zafi, fashewa zai yi. Sannan ko murhun sabo ne kar a shiga da gawayi ɗaki a rufe ƙofa, balle lokacin hunturu, yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba a ganinta, tana kashe mutum cikin barci. Wanda ya fara jin ciwon kai da jiri kusa da wutar gawayi a fito da shi waje nan take a kawo shi asibiti.